Hayar Jirgi a Ruwan Cikin Birni: Wanne Za a Ɗauka, Me Za a Duba Kafin a Bar Gaɓa?

Tambaya: Akwai kogi da ya ratsa birnin da muke zaune, da wani tafki a gefensa, kuma a duka biyun akwai masu ba da hayar ƙananan jirage na awa-awa. Ina so mu gwada, ni da maiɗakina da ɗanmu mai shekara 9. Ni na iya iyo sama-sama, su biyun ba su iya ba. Wane irin jirgi ya kamata mu ɗauka, me zan duba kafin in biya, kuma a ina haɗarin yake?

Amsa: Malam, tunda mutum biyu cikinku ba su iya iyo ba, ku fara da tafkin, ku bar kogin sai fita ta biyu ko ta uku. Ku ɗauki awa ɗaya tak, da safe, domin a mafi yawan wurare iska ta fi kwanciya da safe, sai rana ta ɗaga take tasowa. Jirgin da ya dace da ku ukun shi ne jirgin feda ko faffaɗan kwale-kwale.

Jirgin feda shi ne wanda ake zama a kujera ana murza feda kamar ta keke. Gindinsa faffaɗa ne, da wuya ya kife, kuma ba ya bukatar koyo. Aibinsa nauyin jiki: bai cika wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba, iska kuma tana tura shi yadda ta ga dama saboda tsayinsa a kan ruwa. A tafki babu laifi. A kogi mai gudu ba na ba da shawararsa ko kaɗan. Buɗaɗɗen kwale-kwale na haya yakan kai mita 4.5 zuwa 5, yana ɗaukar manya biyu da yaro a tsakiya, kowane babba da filafili mai baki ɗaya. Kayak ya fi shi siranta, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake zama a bisansa, jikinsa a rufe yake kamar gora, da wasu ramuka a ƙasa inda ruwan da ya fantsamo yake komawa. Wandonka zai jiƙe, amma in ya kife sai ka birkice shi ka sake hawa. Akwai kuma wanda ake zura ƙafafu a cikinsa. Wannan in ya kife yakan sha ruwa, kowace lita kuma kilo guda ce, sai ka ga jirgin da mutum ɗaya ke ɗauka a kafaɗa ya gagari mutum biyu ja. Ga sabon shiga, na farkon ya fi. Allon da ake tuƙawa a tsaye kuwa, wanda bai iya iyo ba ya bar shi, don faɗawa ruwa wani ɓangare ne na koyonsa.

Jirgin haya yakan zo da adadin nauyin da aka ƙera shi ya ɗauka, a rubuce a jikinsa ko a takardar masu haya. Kada ku cika wannan adadin. Ku tsaya a kashi uku cikin huɗu. In an rubuta kilo 250, lissafinku ya tsaya kusan 185 zuwa 190, har da jaka da ruwan sha. Babba mai kilo 80, da mai 65, da yaro mai 30, da kaya kilo 10, kun riga kun kai. Dalili shi ne jirgin da aka cika wa kaya bakinsa yakan matso kusa da ruwa, ƙaramar igiyar ruwa sai ta tsallako ciki, ruwan da ya shigo kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake gangarawa ya ƙara masa karkata.

Sai rigar ceto, wadda nan ne ya kamata ka fi tsananta wa mai haya. Ba duka rigunan ne iri ɗaya ba. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 12402 ya kasa su aji-aji bisa ƙarfin ɗagawa: 50, 100, 150 da 275, da ma'aunin niyuton. Mai lamba 50, wadda ita aka fi miƙa wa masu kayak, taimako kawai take yi wa wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa. Ba ta juyo da fuskar mutum sama in ya suma. Maiɗakinka da yaron su sa mai lamba 100 ko fiye, mai ƙaton wuya da ke tallafe ƙeya. Ta yaro da nauyinsa ake zaɓarta, ba da shekarunsa ba, kuma dole ta kasance da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Gwajinta mai sauƙi ne: bayan an ɗaure duk maɗauran, ka sa yaron ya ɗaga hannuwa, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama da ƙarfi. In ta taho ta rufe masa haɓa ko ta kai kunnuwa, haka za ta yi a cikin ruwa, rigar tana sama yaro yana zamewa ta ƙasa. A canza ta. Ka matsa soson cikinta da hannu. In ya taurare ko ya lotse bai dawo ba, ko zif ɗin ya ƙi tafiya, ko ɗinkin maɗauri ya warware, ka nemi wata. Mai hayar da ya ce ba shi da rigar da ta yi wa yaro daidai, to ba shi da jirgin da zai ba ku. Kuma sawa ake yi tun daga kan dandamali, wato wurin da ake hawa jirgi. Rigar da aka shimfiɗa aka zauna a kai ba ta da amfani, don a cikin ruwa sa ta da ɗaure ta abu ne mai wuya ko ga gwanin iyo.

A wurin biya, yawanci za a nemi katin shaida, a karɓi kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, a ba ka takarda ka sa hannu. Karanta ta, ko da layi ya yi tsawo a bayanka. Ka san daga yaushe awarka take fara ƙirguwa, daga biya ne ko daga barin gaɓa, domin gwada riguna da sauraron bayani kan cinye minti 15. Ka san yadda ake lissafin jinkiri, da abin da za a caje ka in filafili ya ɓace ko ya karye. Ka tambayi iyakar inda aka yarda ku kai, a nuna maka a taswira da wata alama da ido zai gani, kamar gada ko hasumiya. Tambaya mafi nauyi ita ce: in mun kasa dawowa, wa zai zo, kuma da wane jirgi? Ka karɓi lambar wayarsu ka adana ta nan take. Wasu hukumomin ruwa suna neman lasisi ga kowane jirgi har da na filafili. A al'ada mai haya ne ke da wannan nauyin, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Kafin ku shiga, ka zagaya jirgin da waya a hannu ka ɗauki hoton duk wani karce ko tsagewa, a gaban ma'aikacinsu. Ka duba toshin ramin zubar da ruwa da ke can baya: yana nan, kuma a murɗe yake? Wannan ɗan abin da bai fi yatsa ba shi ne yake nutsar da kayak a hankali, ruwa yana taruwa a cikin jikinsa inda ba a gani, sai mutum ya ji jirgin ya fara nauyi yana tangaɗi ba gaira ba dalili. Ka ɗaga gaban kayak ɗin ka saurara. In ka ji ruwa yana kai da kawo a ciki, a zubar tukuna. A kwale-kwale ka tabbata akwai abin kwarfar ruwa da igiya a gaba. A jirgin feda ka murza gaba da baya, ka juya sandar sitiyari dama da hagu ka ga ta amsa. Wayarka ta shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa, a rataye a jikinka, ba a jikin jirgi ba, don in kun rabu da jirgin kada ta tafi da shi. Usur guda a jikin riga ya fi ihu kai wa nesa.

Yawancin faɗawa ruwa a bakin dandamali yake faruwa, wajen shiga da fita. Mutum ɗaya ne ke shiga a lokaci guda, wani yana riƙe da jirgin. Ka durƙusa, ka dafa gefe biyu, ka sa ƙafa a tsakiyar jirgin daidai, ba a gefe ba, ka zauna nan da nan. Kada ka tsaya ƙafa ɗaya a dandamali ɗaya a jirgi, don jirgin zai ja baya ya raba maka ƙafafu. Wanda ya fi nauyi ya zauna a baya, shi ne kuma mai juya jirgin. Yaron ya zauna a ƙasa a tsakiya, ba a kan kujera mai tudu ba. Ku yi masa doka ɗaya: ba miƙewa tsaye, ba leƙawa da kai ya wuce bakin jirgi. Muddin kan mutum yana tsakanin gefunan jirgi, da wuya jirgin ya kife. A kwale-kwale, na gaba yana tuƙi a dama, na baya a hagu, ko akasin haka; in kuka haɗu a gefe ɗaya za ku yi ta zagaye wuri guda, ku kuma karkata tare. Minti biyar na farko ku yi su kusa da gaɓa kuna koyon tsayawa da juyawa.

Yanzu ga abin da ya fi komai kayar da masu haya: dawowa. Fita ba ta wahalar da kowa, domin ɗan Adam ba tare da ya sani ba yakan bi inda ruwa da iska suke tura shi. Ga lissafin. Sabon matuƙi yakan yi kamar kilomita 4 a awa a ruwan da ke tsaye. A ce kogin yana gudun kilomita 2 a awa, gudun da daga gaɓa ba za ka ɗauke shi a bakin komai ba. In kuka bi ruwa, kuna yin 6. Cikin rabin awa kun yi kilomita 3, kuna hira kuna ɗaukar hoto. Da kun juyo, gudunku ya koma 2, wannan kilomita 3 ɗin sai ta ci awa ɗaya da rabi, da hannuwan da suka riga suka gaji. Hayar awa ɗaya ta zama ta awa biyu, in ma an samu an dawo. In gudun kogin ya kai 4, kuna tuƙi ne kawai bishiyar da ke gefenku tana nan inda take. Saboda haka ku fara da haurawa, ku tari ruwa tun kuna da ƙarfi, ya dawo da ku a sauƙaƙe. Don sanin gudun ruwan, jefa kara ka bi shi da ƙafa a gaɓa. In sai ka yi tafiya sosai kake tare da shi, wannan ba ruwanku ba ne yau.

Iska ma haka take, har ta fi yaudara. Ku fara da tararta, ta turo ku gida. Ga sababbi, in hasashen yanayi ya nuna ta wuce kilomita 15 a awa, a ɗage fitar. Da ta kai wajen 20 za ka fara ganin farin kumfa a kan igiyoyin ruwa. Mafi muni ita ce wadda ke busowa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa. A bakin ruwa za ka ga wuri luf kamar madubi, saboda gine-gine da itatuwa sun tare ta, sai kun yi nisan mita 100 ko 200 ta kama ku ta baya, kuma ko'ina kuka ƙara gaba ƙarfinta ƙaruwa yake. Dubi tuta ko ganyen bishiya kafin ku tashi. A cikin birni kuma dogayen benaye da ƙarƙashin gada suna matse iska ta fito da ƙarfi kamar ta bututu. In iska da gudun ruwa suka saɓa, ka fi ba wanda ya fi ƙarfi muhimmanci, ka kuma rage nisa. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a juyo bayan kashi ɗaya cikin uku na lokaci: a hayar awa ɗaya, minti 20.

In birninku yana kusa da teku, kogin yana iya sauya alƙibla. A mafi yawan gaɓoɓi teku tana cikowa sau biyu a yini, tsakanin cikowa da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Gudun ruwa ya fi tsanani a awa ta uku da ta huɗu bayan ya juya. Wanda ya haura da safe yana sa ran ruwa ya dawo da shi yana iya tarar da ruwan ya juya masa, ko ya iske matsayar da ya baro ta zama fili na laka. Ka sa mai haya ya faɗa maka ƙarfe nawa ruwan zai juya.

Ruwan birni hanya ce, kuma ku ne mafi ƙanƙanta a kanta. Dokokin kauce wa karo na ƙasa da ƙasa na 1972, waɗanda akasarin dokokin koguna suka yi koyi da su, sun ce a matsattsiyar hanya kowa ya riƙe damarsa, ko da a ƙasar da motoci ke bin hagu. In kuka yi gaba da gaba da wani jirgi, kowa ya kauce dama. Ƙaramin jirgi ba ya tare wa babba hanya, domin babba ba shi da birki, ba zai iya fita daga wuri mai zurfi ba, kuma matuƙinsa ba ya ganin abin da ke dab da hancinsa. In ba ka ganin tagar matuƙi, shi ma ba ya ganinka. Ƙaho gajere sau ɗaya na nufin zai karkata damarsa, biyu hagunsa, uku ya sa inji baya, biyar kuwa gargaɗi ne cewa bai gane abin da kake yi ba, ka ba da wuri. In za ku tsallaka, ku tsaya ku duba, ku yanke kai tsaye, ba a karkace ba. Igiyar ruwan da jirgi mai inji ya bari kada ta same ku ta gefe. Ku juya mata hanci a ɗan kaikaice, ku ci gaba da tuƙi, don filafili a cikin ruwa kamar sanda ne ga mai tafiya a santsi.

Akwai abu ɗaya da ba a kusantarsa sam: gajeren datsin kankare da aka gitta wa kogi, wanda ruwa ke zubowa ta kansa. Daga gefen da ruwa ke fitowa ba a ganinsa sai wani miƙaƙƙen layi a fuskar ruwa, daga ƙasa kuma kallon kitse ake yi wa rogo, don tsayinsa bai fi mita ɗaya ba wani lokaci. A gindinsa ruwan yana naɗewa ya komo baya, ya ja abu zuwa jikin datsin, ya danna shi ƙasa, ya tofo shi, ya sake ja. Ruwan cike yake da kumfa, don haka ko rigar ceto ba ta ɗaga mutum yadda ya kamata. Ka tambaya ko akwai irinsa a yankin, da nisansa. Haka bishiyar da ta faɗa cikin ruwa mai gudu: ruwa yana wucewa ta rassanta, mutum da jirgi ba sa wucewa. Ginshiƙin gada da gaban manyan jiragen da aka ɗaure su ma a ba su tazara. Masu allon tsaye kuma su sani, igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu ta ruwan tsaye ce; a ruwa mai gudu, in ta sarƙe a wani abu, ruwan zai danne mutum hannunsa bai kai ga sawunsa ba. A nan ana amfani da ɗamarar ƙugu mai kwancewa da fizga ɗaya.

In jirgi ya kife, a fara ƙirga mutane. Sannan kowa ya riƙe jirgin, don yana yawo a sama kuma an fi hango shi daga nesa fiye da kan mutum. A kogi ku tsaya ta gefensa da ruwa ke fitowa, kada ya matse ku da wani abu. In ɗumin ruwan yana ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius, faɗawa cikinsa takan sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya yi ta haki na kusan minti ɗaya; abin yi shi ne a kwanta rigingine a bar rigar ta yi aikinta har numfashi ya daidaita. Bayan kamar minti 10 yatsu sukan fara ƙin aiki, shi ya sa busa usur da kiran waya sai a yi su da wuri. Zafin rana a sama ba ya nuna ɗumin ruwa a ƙasa.

In daga baya kuka so jirgi mai inji, dokar lasisin tuƙi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Faransa ana bukatarsa in injin ya wuce ƙarfin doki 6, a mafi yawan ruwayen Jamus sai ya wuce 15. Jar igiyar kashe inji a ɗaura ta a cinya ko a jikin riga, don in matuƙi ya faɗa, injin ya mutu, kada jirgin ya yi ta zagaye da farfela a kan mutane. Bayan tayarwa ka duba siririn ruwan da injin ke fitarwa ta baya. In babu, ba ya sanyaya kansa, a kashe. Mai sandar tuƙi a jikin inji a juye yake aiki: ka tura ta hagu, jirgi ya yi dama. Ana isowa matsaya a hankali, hanci yana fuskantar gudun ruwa, a sa giya a firi tun da nisa, a taɓa ribas kaɗan, kuma ba a tare jirgi da hannu ko ƙafa.

Tsabtar ruwan ma abin dubawa ce. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, magudanan birni sukan amayo ƙazanta cikin kogi, gudunsa kuma ya ƙaru. A ba shi aƙalla kwana 2. A rufe duk wani ciwo da filasta, a wanke hannu kafin cin wani abu. In zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo baya cikin mako uku zuwa huɗu, a gaya wa likita an shiga ruwa, saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. A ƙasashe masu zafi a ambata masa tsargiya ma. Ruwan da ya yi kore shar kamar an zuba fenti, kada yaron ya sa hannu. In aka yi walƙiya, ƙirga daƙiƙu zuwa jin tsawa: kowace daƙiƙa 3 na nufin nisan kilomita ɗaya. In ƙasa da daƙiƙa 30 ne, ku fita a gaɓa mafi kusa, ba sai kun kai matsayarku ba, ku kira masu hayar daga can, ku jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Wajen mayarwa, ku iso da ragowar minti 10, don matsaya takan cunkushe a ƙarshen awa. A fita ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka shiga, yaron ya riga kowa, rigarsa a jikinsa har sai ya bar dandamali. Ka tsaya ma'aikacin ya duba jirgin ya ƙirga filafilai da riguna a gabanka, ya rubuta lokacin dawowa, sannan ka karɓi katinka da kuɗin ajiyarka.